Shin Iska Tana Kumbura? Bayani a kan Zafi da Motsin Ƙwayoyin Iska

Gabatarwa

Wata rana da hantsi, a cikin watan Maris, na zauna a bayan aji a wata makarantar sakandare da ke tsakanin Karaye da Rogo, ina duba wani malami mai koyon aiki yana ba da darasin kimiyya. Ya zo da kwalbar lemo wadda ba kome a cikinta, ya ɗaura balan-balan a bakinta, sa'an nan ya tsoma gindinta cikin kwanon ruwan zafi. Ba a jima ba balan-balan ɗin da ke kwance ya miƙe tsaye, yara suka yi sowa. Malamin ya karanto musu dokar da Turanci kamar yadda take a littafi. Da ya ga idanu sun yi zuru-zuru, sai ya yi abin da kusan kowane malami a ƙasar nan yakan yi, watau ya sake faɗa da Hausa, ya ce, "Idan iska ta ji zafi sai ta kumbura." Da aka tashi na kira wata yarinya daga layin gaba na tambaye ta ko mene ne ainihin abin da ya kumbura. Ta ce ƙwayoyin iska ne, kowace ƙwaya ta yi ƙiba kamar waken da aka jiƙa.

Amsar nan kuskure ce, amma yarinyar ta bi hankali ne ta iso gare ta. A Hausa abin da ya kumbura jikinsa ne ya ƙaru: ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, gawa ta kumbura. Malamin ya ba ta kalma, ita kuwa ta bi kalmar har inda ta kai ta. Tun daga Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshensa, ake ja-in-ja a kan harshen da ya kamata a koyar da shi, kuma ko ta wane gefe hukuma ta karkata, abin da ke faruwa cikin aji ɗaya ne: littafi na Turanci, bayani na Hausa. Ashe ke nan Hausar da malami ya ƙaga a tsaye, ba shiri, ita ce kimiyyar da yaro zai tafi da ita gida. Nufin wannan maƙala shi ne a bayyana abin da zafi yake yi wa iska, a kuma duba kalmomin da za su iya ɗaukar bayanin ba tare da sun karkatar da shi ba.

Kayan da aka ɗora wa kalmar iska

Kafin a zo ga zafi, sai an daidaita da kalmar iska kanta, domin kayan da aka ɗora mata sun yi yawa. Iska ce muke shaƙa, iska ce ke kaɗawa ta kwashe jinka, iska ce kuma ke hawa kan ɗan bori. Wanda ya karanta littafin da Joseph Greenberg ya wallafa a 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano ya san irin matsayin da iskoki suke da shi a wannan ma'ana ta uku. Ga kuma ɗan iska, da iskanci, da abin da ya bi iska. Larabci ya raba biyun farko, yana da hawa'u yana da rihu, mu kuwa kalma ɗaya muka ba su.

Masana kimiyya suna bukatar wata ma'ana dabam, watau hali na uku da abu yake iya kasancewa a ciki bayan daskararre da ruwa-ruwa. Turawa ma ba su gaji kalmar wannan hali ba. Wani likita na ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, Fan Helmon, wanda ya rasu a 1644, shi ya ƙaga kalmar gas daga wata kalmar Girkanci mai nufin hargitsi. Mun aro ta, amma aron ya zo da matsala. A gidan mai, idan direba ya ce gas, man dizal yake nufi, wanda ruwa ne tsantsa. A madafa kuwa gas shi ne abin da ke cikin tukunyar girki, shi ma yawancinsa ruwa-ruwa yake a ciki, kamar yadda za mu gani. Saboda haka a ganina gara mu riƙe iska a matsayin sunan wannan hali baki ɗaya, mu ce iskar sarari ga wadda muke shaƙa, mu ce iska mai kaɗawa idan wadda ke tafiya muke nufi. Jam'i kuwa sai a ce nau'o'in iska, domin iskoki sun riga sun sami masu su, kuma malamin da ya ce wa aji "iskoki suna faɗaɗa idan sun ji zafi" ya san dariyar da zai sha. Littafin Ikon Allah na Dokta East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, ya riga ya nuna cewa ana iya bayanin halitta da Hausar yau da kullum idan an yi hattara da irin waɗannan wurare.

Abin da ke cikin kwalbar da ba kome

Kwalbar malamin nan cike take da iskar sarari. Wannan iska kuwa gauraye ce: kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, sauran kuma 'yan tsirarun nau'o'i ne. Kowane nau'i tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kuma ƙwayar naitirojin ko ta oksijin zarra biyu ce a manne. Idan aka ɗebi iskar da ba ta wuce girman ƙwayar gurjiya ba, watau santimita 1 ta kowane gefe, adadin ƙwayoyin da ke ciki ya kai lamba 25 da sifiri 18 a bayanta. Duk da wannan yawa, kusan duk wurin fili ne. Su kansu ƙwayoyin ba su ci fiye da wajen kashi 1 cikin 1,000 na wurin ba. Ana iya gane haka daga tukunya: lita 1 ta ruwa idan ta tafasa ta ƙare takan zama tururi wajen lita 1,700, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara ba. Tazarar da ke tsakaninsu ce ta buɗe.

Ƙwayoyin nan ba sa zama wuri ɗaya. Kowace tana gudu a miƙe har ta yi karo da 'yar'uwarta ko da bangon kwalba, ta juya ta nufi wani gefe. A zafin ɗaki, gudun ƙwayar naitirojin ya kai wajen mita 500 a daƙiƙa ɗaya, watau kilomita 1,800 a sa'a, kusan ninki biyu na gudun jirgin saman da ke kai alhazai Jidda. Mai karatu yana iya tambaya, in haka ne me ya sa idan an sa turaren wuta a ƙuryar ɗaki sai an jima kafin na bakin ƙofa ya ji ƙamshi? An yi wa masanin Jamus Kilawsiyus irin wannan tambaya bayan ya wallafa bayaninsa a 1857, ya kuma amsa a 1858: ƙwaya ba ta yin nisa sai ta yi karo, kuma tana yin karo sau dubban miliyoyi a daƙiƙa guda. Kamar yaro ne mai gudu da aka aika tsakiyar kasuwa ranar da ta cika. Ƙafarsa na da sauri, amma isarsa sai a hankali.

Wannan ra'ayi ya daɗe kafin a karɓe shi. Daniyel Banuli, masanin lissafi na ƙasar Swizalan, ya kawo shi tun 1738, aka yi watsi da shi fiye da shekara 100. Makswel ya ɗora masa lissafi a 1860, Bolzman ya ci gaba, amma har ƙarshen ƙarni na 19 akwai manyan masana da ke cewa ƙwayar da ba a gani zance ne kawai. Abin da ya kashe gardamar shi ne wata rawa da Robat Burawun ya gani a 1827, sa'ad da ya duba 'yan mitsi-mitsin abubuwa daga garin fure cikin ruwa da madubin ƙara girma, ya ga suna karkarwa ba tsayawa. Ainshitain ya nuna a 1905 cewa ƙwayoyin ruwa ne ke mangarinsu ta kowane gefe, Feran na Faransa kuma ya tabbatar da lissafin da awo daga 1908.

To ina zafi a cikin wannan duka? Abin da ma'aunin zafi yake aunawa a cikin iska shi ne matsakaicin ƙarfin gudun ƙwayoyinta. Iska mai zafi ita ce wadda ƙwayoyinta ke gudu da sauri, mai sanyi kuwa wadda gudun nasu ya ragu. A nan ne Hausa take da wata dama wadda ban ga malamai suna amfani da ita ba. Harshen ya riga ya haɗa zafi da sauri tun kafin a zo da ma'auni. Mutum mai hanzari mai zafin nama ne, mai nawa kuwa mai sanyin jiki. Mukan ce a yi abu da zafi-zafi, mukan ce gudu ya yi zafi. Yaron da aka gaya wa cewa ruwan zafi ya ƙara wa ƙwayoyin iska zafin nama ya kama rabin darasin a take.

Sauran rabin kuma ana iya ɗauko shi daga dandali. Wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ko kokawa bayan kaka ya san cewa da fari fili ƙarami ne, jama'a sun matso. Idan kiɗa ya yi zafi, 'yan wasa suka fara zabura suna kai gwauro suna kai mari, sai 'yan kallo su ja da baya, fili ya buɗe. Ba wanda ya yi ƙiba a cikin 'yan wasan, kuma ba a ƙara ko mutum ɗaya ba. Haka abin yake a kwalbar malam. Zafi ya ƙara wa ƙwayoyi gudu, suka riƙa dukan fatar balan-balan da ƙarfi kuma a kai a kai, fatar ta ja da baya har dukan ciki ya daidaita da na iskar waje. Wannan duka da ƙwayoyi ke yi wa bango shi ne matsin iska. Kalmar da ta dace da abin da ya faru ita ce faɗaɗa ko bazu: balan-balan ya kumbura, iskar cikinsa ta faɗaɗa, ƙwayoyinta kuwa suna nan yadda suke. In sanyi ya zo sai a ce iska ta tsuke.

Lissafin Sharl

A shekarar 1783 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, 'yan gidan Mongolfiye, suka hura wuta a ƙarƙashin wani ƙaton buhu na yadi da takarda, ya tashi sama. Su a zatonsu hayaƙi ne yake da wani sirri na tashi, har sukan zaɓi abin da zai yi hayaƙi da yawa su ƙona. Ashe ba yarinyar ajinmu kaɗai ce ta ga abu daidai ta fassara shi a karkace ba. A ƙarshen wannan shekara Jak Sharl, wanda littattafan makaranta ke rubuta sunansa Charles, ya tashi daga birnin Faris da nasa buhun mai cike da iskar haidirojin. Wajen 1787 ya auna yadda nau'o'in iska dabam-dabam suke faɗaɗa da zafi, bai kuwa wallafa ba. Ge-Lusak ne ya sake awon ya wallafa a 1802, ya ambaci Sharl, sunan ya bi dokar.

Abin da aka gano shi ne, muddin matsi bai sauya ba, kowane digiri ɗaya da aka ƙara a ma'aunin Salsiyos yana ƙara wa iska kashi 1 cikin 273 na girman da take da shi a digiri 0. Ge-Lusak ya sami kashi 1 cikin 267, daga baya aka gyara. Abin mamaki a nan shi ne dukkan nau'o'in iska kusan haka suke yi, mai nauyi da marar nauyi, saɓanin ƙarafa da ruwaye da kowanne yake da nasa gwargwado. Dalili kuwa mun riga mun faɗe shi: da yake yawancin iska fili ne, irin ƙwayar bai dami lissafin ba, gudunta da yawanta ne abin dubawa.

A nan akwai rami na biyu da ɗalibai kan faɗa, har da na jami'a. Sukan ɗauka cewa daga digiri 20 zuwa 40 zafi ya ninka, saboda haka iska za ta ninka. Sifirin Salsiyos kuwa wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai, kuma a wannan sanyi ƙwayoyin iska suna nan suna gudunsu, bai ragu da yawa ba. In ana son ƙidaya ta gaskiya sai a faro daga inda ƙarfin gudun ya kai matuƙar ƙaranci, watau digiri 273.15 ƙasa da sifiri. Wilyam Tomson na Jami'ar Gilasgo, wanda daga baya aka naɗa Lod Kelbin, shi ya kafa ma'auni a kan wannan tushe a 1848. Mai son juya Salsiyos zuwa Kelbin sai ya ƙara 273.

Bari mu gwada da yanayin da mutumin Karaye ya sani. A ce da asubar hunturu ma'auni ya nuna digiri 13, da azahar ɗin bazara kuma ya nuna 40. A bakin mutane wannan ninki uku ne har da ɗori. A ma'aunin Kelbin kuwa daga 286 ne zuwa 313. Saboda haka iskar da ta ci lita 100 da asubar nan za ta ci lita 109 da 'yan kai a azahar ɗin can. Gudun ƙwayoyin ma bai ƙaru da ko wannan gwargwadon ba, domin ƙarfin gudu ne yake bin zafi kai tsaye, shi kuwa gudu yana bin tushen murabba'insa: daga wajen mita 505 a daƙiƙa zuwa wajen 528. Duk bambancin da ke tsakanin ranar da tsofaffi ke jin wuta a zaure da ranar da kwalta ke narkewa bai kai kashi 5 cikin 100 na gudun ƙwayar iska ba. Wanda yake son ya ninka girman iskar da ke digiri 27, watau Kelbin 300, sai ya kai ta Kelbin 600, watau digiri 327, zafin da darma ke narkewa.

Ya kamata a gargaɗi ɗalibi kada ya bi lissafin nan har ƙasa ya ce a digiri 273 ƙasa da sifiri iska za ta ɓace. Tun kafin a je can gudun ƙwayoyi yakan ragu har su fara manne wa juna, iska ta koma ruwa-ruwa. Oksijin yana yin haka a digiri 183 ƙasa da sifiri, naitirojin a 196. Daga nan dokar Sharl ba ta da sauran magana.

Idan an hana iska wuri

Balan-balan yana ja da baya, amma taya ba ta yi sai ɗan kaɗan. Idan iska ta ji zafi a wurin da ba ta da halin faɗaɗa, sai matsinta ya ƙaru. Amonton na Faransa ya lura da haka tun wajen 1702, kimanin shekara 40 bayan Robat Boyil ya wallafa tasa dokar a 1662, mai cewa in an matse iska girmanta zai ragu gwargwadon ƙarin matsin.

Wannan ɓangare ne ya fi shafar rayuka. Mu ɗauki motar haya da aka ba tayarta iska da sassafe a Karaye, gejin mai faci ya nuna 32, ma'aunin zafi yana kan digiri 15. Geji ba ya ƙidaya matsin iskar sarari, wanda yake wajen 14 a irin wannan awo, saboda haka ainihin matsin cikin taya 46 ne. A ce motar ta wuni tana zirga-zirga da kaya a hanyar Rogo, rana ta gasa titi, tayar kuma tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, har iskar ciki ta kai digiri 55. Daga Kelbin 288 zuwa 328 ke nan. Matsi zai tashi daga 46 zuwa 52 da ɗan abu, geji ya nuna 38.

Direbobi da yawa sun san haka a aikace, shi ya sa za ka ga an tsaya da rana tsaka ana rage wa taya iska wai kada ta fashe. Lissafi ya nuna illar wannan dabara. In aka sauke gejin zuwa 32 alhali taya tana da zafi, washegari da asuba 26 zai nuna. Taya mai ƙarancin iska kuwa ta fi lanƙwasa, lanƙwasar ce ke haifar da zafi a jikin robar, zafin nan kuma shi ke raba roba da wayoyin cikinta har ta tarwatse a guje. Masu ƙera taya sun riga sun yi lissafin ƙarin da zafin tafiya zai kawo, lambar da suka rubuta a jikin mota ta taya mai sanyi ce. Saboda haka da safe ake auna taya, kafin a yi tafiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan fashewar taya, amma ina ganin gargaɗin zai fi shiga in an ba mai faci da direba dalilin da harshensu.

Tukunyar gas ta girki tana kama da wannan, sai dai dokarta dabam ce kuma ta fi tsanani. Abin da ke cikinta ruwa-ruwa ne, da iska a samansa. In zafi ya ƙaru, ƙarin ƙwayoyi ne ke tserewa daga ruwan su shiga iskar, ga ƙarin gudu ga ƙarin yawa. Daga digiri 20 zuwa 40 matsin iskar da aka kulle yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100 kawai, amma na butan, wanda yake cikin irin wannan tukunya, yakan kusa ninkawa. Ruwan kansa ma yana faɗaɗa, shi ya sa ba a cika tukunya fal, akan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar. Mai sayen da ya matsa wa mai sayarwa ya cika masa har baki haɗari ya saya. Haka nan jarkar fetur da ta yi ciki a rana, tururin fetur ne ya fi yin aikin.

Daga kaskon ƙosai zuwa guguwa

Mai tuyar ƙosai ba ta san Sharl ba, amma ta san ƙullun da ba a buga ba yakan yi tauri. Bugun nan iska yake shigarwa cikin ƙullu, ta zauna a 'yan ƙananan kumfa. Da an zuba a mai mai zafi, cikin ƙosai yakan tashi daga wajen digiri 30 zuwa kusan 100, iskar ta faɗaɗa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tururi kuma ya shiga kumfan ya ƙara buɗa su, sa'an nan ƙullu ya nuna ya riƙe siffar. Waina da burodi ma haka, sai dai iskar cikinsu yis ne ko tsami ya haifar da ita.

Akwai misalan da malamai kan kawo waɗanda ba na wannan babi ba ne, ya kamata a bar su. Gangar da makaɗi ya kanga a wuta fatarta ce ta bushe ta ɗame. Gugguru tururi ne ya fasa shi. Ƙahon wanzami kuwa na Boyil ne ya fi kusa, domin wanzami zuƙe iskar yake yi da baki ya toshe ramin, zafi bai shiga ba. A ƙasashen da ake yin ƙaho da kofin gilashi da wuta, kamar Sin, can ne zafi ke korar wani kashi na iskar, in sauran ta huce matsinta ya ragu, fata ta shiga.

A sarari kuwa ba bango, iska tana faɗaɗa yadda ta so. Iskar da ta faɗaɗa ƙwayoyinta sun yi ƙaranci a kowace lita, ta fi ta kewayenta sauƙi ke nan, sai mai nauyin ta kutsa ƙarƙashinta ta ɗaga ta. Da bazara, sa'ad da gonaki suke fayau ba ganye, ƙasa takan gasa iskar da ke dab da ita fiye da ta sama ƙwarai. In wannan iska ta sami kafa ta yi sama da sauri, ta gefe ta rugo ta cike gurbin tana juyawa, sai ga guguwa ta kwashi ƙura da karmami. An hana mu shiga cikinta muna yara, aka ce ta aljanu ce. A nan ma'anoni biyu na kalmar iska suka haɗu a wuri ɗaya, kuma malami mai hikima ba ya bukatar ya yi faɗa da kakar yaro kafin ya nuna masa dalilin da ya sa guguwa ta fi tashi da rana tsaka a kan fili busasshe. Wanda ke zaune kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Karaye a 1992, yana da wani misalin mai sauƙi: tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi, saboda haka da rana iskar tudu ke tashi, ta kan ruwa mai sanyi ta biyo bayanta zuwa gaɓa.

Iskar da ta yi sama takan tarar da matsi ya ragu, sai ta ƙara faɗaɗa. Da yake ture iskar kewaye aiki ne, kuma daga gudun ƙwayoyinta take biyan wannan aiki, sai ta huce, wajen digiri 1 a kowace mita 100 in busasshiya ce. In tana ɗauke da laima, kamar iskar da ke zuwa daga kudu maso yamma gabanin damina, a wani tsayi laimar za ta koma ɗigon ruwa, hadari ya haɗu.

Juyin wannan kuma yana nan a kowane gari. Wanda ya ba keke iska da famfo ya san gindin famfon yakan yi zafi. Sandar famfo tana tafiya ne ta tari ƙwayoyin da ke zuwa, su koma da gudun da ya fi wanda suka zo da shi, kamar ƙwallon da ya gamu da ƙafa mai zuwa. A kan wannan Rudolf Dizal ya gina injinsa, wanda ya yi aiki sosai a 1897. Injin niƙa mai shan dizal ba shi da filogin da zai ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iskar sarari ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, a fesa mai ya kama da kansa. Da asubar hunturu iskar da ke shiga mai sanyi ce, ƙarfen injin ma ya kwana cikin sanyi yana shanye zafin tun bai taru ba, shi ya sa mai injin yakan daɗe yana juya hannu, mata na jira da kwanukan hatsi, kafin inji ya yi tari ya tashi.